Farar Mota da Lakar Komadugu

Ɗana na fari ba na kiran sunansa. Haka na tarar ana yi a gidanmu a Damagaram, kuma ba a bakina za a fara karya wannan ba. "Kai" nake ce masa, ya amsa. To shi ne ya zo ya tsuguna gabana wata rana bayan la'asar, a shekarar da na aje aikin tuƙin motar gwamnati a Diffa, ya ce yana so mu sayi mota da abin da aka sallame ni da shi, ya riƙa ɗauko tattasai daga kwarin Komadugu yana kawowa kasuwa.

Maganarsa ba ta banza ba ce. Matarsa ƴar Barebarin kwarin ce, ubanta da ƴan'uwanta duk noman tattasai suke yi a bakin kogi. Tun da aka hana hawa babur a yankin, manomi sai ya tsinke kayansa, ya shanya, ya ɗura a buhu, sannan ya zauna jiran wanda zai kai masa gari. Amalanken shanu wuni guda take yi a hanya. Mai mota kuwa, in dai motarsa na iya shiga kwarin, ba ya rasa lodi. Na san wannan sarai. Amma na san ɗaya abin da kowa ya sani a Diffa, wanda ba a faɗa da ƙarfi. Mutanen daji, waɗanda ba ma kama sunansu, babu abin da suke so irin lafiyayyar kat-kat, wato mota mai ja da taya huɗu. Kuma in sun tare mota ba ita kaɗai suke ɗauka ba, da direban suke tafiya, don shi zai tuƙa musu. Wani a sako shi bayan kwana biyu ya dawo da ƙafa. Wani har yau iyalinsa ba su yi zaman makoki ba, ba su kuma daina jira ba. Biyu daga cikin direbobin nan na sha shan shayi da su a tasha.

Na ce ban yarda ba, na kuma faɗa da ƙarfi yadda har maƙwabta za su ji.

Ya ce, "To Baba, in babu wannan, arewa zan tafi wajen haƙar zinariya. Ba zan zauna ina cin naka ba, ga mata ga jariri."

Uwarsa na gefe tana tankaɗen gari. Na ga rariyar ta tsaya a hannunta. Arewa ai mun san ta: rami ya rufta da mutum, ko mota ta ɓace a sahara, sai dai labari. Gaba kura, baya sayaki. Kwana uku ina fushi da kowa a gidan, har da akuya. A na huɗu na kira shi na ce na yarda, amma da sharaɗi: ni zan zaɓi motar, kuma abin da na zaɓa shi ke nan.

Mota biyu muka tarar masu iya wannan aiki a garejin wani bakanike da na daɗe da sani, can bayan tasha. Ɗaya fara ce, wata firoje, irin ƙungiyoyin agajin nan, da ta tattara kayanta ta bar gari ce ta sayar da ita. Doguwar ƙafa, tayoyi masu haƙora, bututun shan iska a gefen gilashi don shiga ruwa, jikinta babu ko ƙwarzane. Ɗayar kuwa tsohuwa ce, ruwan toka, cikinta kusa da ƙasa, bayanta ya sha lodi har ya ɗan zauna.

Bari in faɗi gaskiya. Farar nan ta shiga raina tun daga ƙofar gareji. Irinta na tuƙa wa wani darakta shekara takwas. Ni ke wanke ta, ni ke jin tarinta kafin kowa ya ji, amma kullum da yamma sai in miƙa makulli in tafi gida a ƙasa. Na sha raya ranar da zan aje irinta a ƙofar gidana. Yau ga ta gabana, ga hali ya samu. Na ɗora tafin hannuna a kan murfin injinta na tsaya. Sai na juya na ga ɗana yana kallonta da irin idon da nake kallonta. In mu ta burge mu haka, wa za ta ƙi burgewa?

Na ce, "Tsohuwar za mu ɗauka."

"Haba Baba! Wannan ko kwatar unguwarmu ba za ta tsallake ba."

"Kai, rufe mini baki! Motar da ba wanda zai kalla sau biyu nake nema maka. So kake ka shiga kwari kana walƙiya kamar ango? Daga ƙetaren kogi za a hango ka."

Bakaniken, wanda Shef yake ce mini, wato maigida, ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Shef, ka fi ni sanin mota, amma ba zan ɓoye maka ba. Tsohuwar nan injinta ba laifi, sai dai tayoyin gaba ba kullum suke ja ba. In ta ga dama ta ja da huɗu, in ba ta ga dama ba ta bar ka da biyu."

Na ce a ba ni makulli. Na fita da ita bayan gari inda rairayi yake da zurfi, na rage wa tayoyi iska, na sa ta a huɗu, ta hau tudu ta sauka ba gardama. Sau uku na yi haka, na dawo ina hura hanci. Ni mutumin rairayi ne. Hanyar Ngigmi da abin da ke bayanta na yi ta har na daina ƙirgawa, kuma ban taɓa kwana a hanya ba. Motar da ta ci rairayi a hannuna, a ganina ta ci komai.

Ranar kasuwa surukina, uban matar ɗana, ya shigo gari, muka kai shi ya ga motar. Dattijo ne siriri, marar yawan magana, da Hausarsa ta Barebari mai sanyi. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe.

Ya ce, "Malam, a rairayi ka gwada ta?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa."

"Mu can ba mu da rairayi. Kafin a ƙulla ciniki, a zo da ita gona ta ɗauko kaya sau ɗaya. In ta je ta dawo, Allah ya sa albarka."

Raina ya ɓaci, amma suruki ne, dole na haɗiye. A zuciyata na ce, wata uku da ɗaukewar ruwan sama, wace laka kuma? Yau manomi zai koya wa direba hanya! Bakaniken ya yarda ya ba mu ita wuni ɗaya.

Mu uku muka fita da safe: ni a sitiyari, surukina a gefena, ɗana a baya. A shingen sojoji, inda ake sauka daga gudro, wato kwalta, a nufi kwari, wani soja ya duba takardunmu ya ce, "Tsoho, ƙarfe biyar muke rufewa. Motar da muka hango a daji bayan wannan, ba mu san ta ba." Na ce na ji. Ba baƙon zance ba ne, kowa ya san abin da yake nufi.

Surukina ya bi da mu ta burtalin shanu, hanya mai kwana-kwana, duk sawun kofato da ya bushe ya yi tauri. Motar na tsalle, haƙorana na haɗuwa. A hannun dama kuwa ga wani fili shimfiɗe, baƙi, busasshe har ya tsattsage, miƙe ɗoɗar zuwa gonakin. Na nuna masa da baki. Ya girgiza kai ya ce, "Inda saniya ta ƙi bi, kar ka bi." Ni dai ban manta da filin ba.

Awa biyu muka yi kafin mu isa. Tattasai shanye ja wur a kan tabarmi, yajinsa na sa mutum atishawa tun daga nesa, injinan ban ruwa na ta faman ƙara. Kogin cike yake har baki. Ƙetarensa Najeriya ce, kusa ƙwarai, in mutum ya tsaya can kana iya gane launin rigarsa. Na lura mutanen gonar suna aiki suna dariya, amma babu wanda ke daɗewa da ba kogin baya. Lodi ya ɗauki lokaci. Sai an ɗinke bakin buhuna, sai an ci abinci, don ba a zuwa gidan suruki a tafi da yunwa, sai an yi azahar. Ina ta duba agogo, su kuwa ko a jikinsu. Da muka iso bakin filin nan a kan hanyar komawa, ƙarfe uku da rabi ta gota.

Surukina ya ce, "Malam, burtali."

Na ce, "Burtali awa biyu ne babu kaya. Ba mu da awa biyu."

"To gara mu koma mu kwana a gona."

"Da mota? A bakin kogi? Wannan ai kai kanmu hannunsu ne."

Sai ɗana ya ƙwanƙwasa gilashin baya ya ce, "Baba, ka ji maganarsa."

Wannan ita ta ƙarasa ni. A gaban surukinsa zai ce in ji maganar wani a kan tuƙi? Na murɗa sitiyari na faɗa filin. A rairayi doka ɗaya ce: nemi ƙasa mai tauri, ka ba mota wuta. Na ba ta wuta. Mun yi kamar taku ɗari biyu lafiya lau, har na buɗe baki zan ce wa surukina ka gani ko, sai ɓawon ƙasar ya fashe a ƙarƙashinmu kamar ƙanzon tuwo. Motar ta nutse har ciki, ta tsaya cak, kaina ya bugi gilashi.

Daga baya na fahimci abin da kowane yaro a kwarin ya sani. Komadugu ba ya cika da ruwan samanmu. Ruwansa daga can cikin Najeriya yake tafowa a hankali, sai damina ta wuce da daɗewa sannan ya iso. In ya iso, yana bi ta ƙarƙashin ƙasa ya cika kwazazzabai da fadamu, rana kuma ta busar da sama kaurin yatsa biyu. Abin da na gani busasshe murfi ne kawai. Shekara da shekaru ina Diffa, ina ganin kogin nan daga kan gudro, ban taɓa tambaya ba.

Na yi duk abin da na sani, kuma duk abin da na sani na rairayi ne. Na rage iska. Na sa ta a huɗu, tayoyin baya suka yi ta juyawa suna watsa laka, na gaba kuwa ko motsi. Ran nan ba ta ga dama ba. Na ce a haƙa. Duk ramin da ɗana ya haƙa da hannu a gaban taya, kafin ya miƙe ruwa ya cika shi. Muka sauke buhuna duka. Wasu mata huɗu da ke komawa gida daga gona suka tsaya, suka saro mana ganyen kaba, muka cusa ƙarƙashin tayoyi, suka kama turawa. Motar ta haɗiye kabar ta ƙara zama. Warin ƙonewa ya fara tashi daga ƙarƙashin ƙafata.

Ƙarfe huɗu da kwata. Ɗana laka har wuya, yana haki, bai ce mini komai ba. Wallahi da ya ce "ai na faɗa maka" da ya fi mini sauƙi, da na samu wanda zan yi wa tsawa.

Surukina ya ce, "Malam, a bar ta. Mu taka da ƙafa."

Na ce, "Motar mutane ce, amana ce. Ba na barin mota a daji."

Ban rufe baki ba muka ji ƙarar inji. Daga wajen kogi take tafowa, ba daga wajen gari ba. Kunnena ba ya ɓatan mota: kat-kat ce, babba, lafiyayya, kuma mai tuƙa ta bai damu da hanya ba. Na waiga wajen matan, babu su. Ko ƙarar takunsu ban ji ba, sai kaba da suka zubar. Surukina ya kalli kurmin da ƙarar ke fitowa, fuskarsa ta canza, ya yi wata magana da Barbarci wadda ban ji ba, sannan ya ce da mu, "Kar wanda ya gudu. Ku zauna a ƙasa, ku aje hannu a kan gwiwa."

Muka zauna a kan laka. Ina ne ma za ka gudu a fili irin wannan? Abu ɗaya ne ke yawo a kaina: tsoho ba ya musu amfani, manomi ba ya musu amfani, saurayin da ya iya tuƙi suke so. Kuma ni na kawo shi nan, da taurin kaina, da motar da na zaɓa don in tsare shi.

Na ce masa a hankali, "Kai. In sun tambaya, ni ne direba. Kai ɗan dako ne, ba ka san ni ba."

"Baba, ba zan…"

"Ban tambaye ka ba! Ka taɓa taɓa sitiyari? Ba ka taɓa ba. Ka ji ni?"

Ya sunkuyar da kai. Na ciro makullin na riƙe shi a fili yadda duk wanda ya zo zai fara gani a hannuna. Surukina na jan innalillahi ƙasa-ƙasa. Ƙarar na ƙara matsowa, rassan bagaruwa na karyewa. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, har na ji fitsari na neman kuɓuce mini, ni da furfurata.

Abin da ya fito daga kurmin kuwa, ban san sunan da zan ba shi ba. Ƙofar direba shuɗiya, ta ɗaya gefen ja. Murfin inji ɗaure da igiya. Fitila ɗaya babu, sai rami. Jikinta duk lotsawa, fentin kamar da tsintsiya aka shafa, ga laka ta bushe a kai. A ciki wani ƙaton mutum ne shi kaɗai, yana cin goro, bayan motar cike da buhunan albasa. Surukina ya yi wata irin ajiyar zuciya, ya miƙe yana gaishe shi da Barbarci, "Wushe, wushe!" Ashe ɗan garinsu ne, mai jigilar kayan gona.

Ni kuwa ɗana ne ya kama ni na miƙe.

Mutumin bai yi mana dogon surutu ba, don shi ma shingen yake gudu. Ya dube mu, ya dubi filin, ya ce, "Wa ya biyo da ku ta nan?" Ya kalle ni ya gane. Ya kewayo ta gefe, ya shigo lakar da baya har tayoyinsa suka nutse rabi, ɗana ya ɗaura igiya. Da ya taka, tayoyin nan huɗu suka kama tare, babu wadda ta yi ƙyuya, aka fizgo tsohuwarmu waje kamar an cire ƙaya. Muka bar buhunan a nan, surukina ya ce zai tsaya ya sa a kwashe su da amalanke.

Kafin mutumin ya ja, na dafa ƙofarsa na ce, "Bawan Allah, wannan injin ba na jikin nan ba ne."

Ya yi dariya har goro ya fito. Ya ce, "Nata ne, Baba. Jikin ma nata ne. Fara ce fes ranar da na saye ta, irin ta firoje. Ni na yi mata haka da hannuna."

Na tsaya ina kallonsa kamar wawa.

Ya ce, "Su daga nesa suke zaɓe. Masu kai musu labari daga tasha su ma da ido suke zaɓe. Tsohuwar mota ta kafe da kai a nan, a same ka a zaune. Sabuwa kuma ta kira maka su. Ni sai na ɗauki ƙafar sabuwa na sa mata rigar tsohuwa. Ban ce maka laya ce ba, Allah ke tsarewa. Ku biyo sawuna, kar ku kauce ko taku ɗaya."

Muka bi sawunsa ta wata gajeriyar hanya da ban san da ita ba. Muna isa shingen sojan na janyo ƙarfen rufewa. Ya dubi lakar da ke jikinmu, ya dubi agogonsa, ya ɗaga mana hannu mu wuce. Sai da muka shigo unguwa na ce, ina kallon gilashi, "Gobe mu mayar da ita." Iyakar haƙurin da na iya ba shi ke nan, kuma ya karɓa.

A daren na ba uwarsa labari duka, ban rage komai ba, har da zaman da muka yi a kan laka da maganar da na gaya masa. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Ɗan dako." Shi ke nan abin da ta ce, ta juya ta kwanta.

Bayan kwana biyu farar motar ta shigo gidana. Ni na tuƙo ta daga gareji, a hankali, ta hanya mafi tsawo. Na rushe gefen katanga na shigar da ita tsakar gida ƙarƙashin itacen bedi. Kafin magariba maƙwabta sun cika gidan, ana ta barka, ana shafa ta, wani na cewa ai Shef ya huce haushin shekaru. Ina amsawa ina murmushi, amma kowane ido da ya sauka a kanta sai in ji gabana ya faɗi. Cikin masu barkar nan, wa ya san bakin da zai kai labari tasha gobe? Suna watsewa na sa aka jingina zana aka rufe inda na rushe.

Da safe muka fara aiki, ni da ɗana. Muka kwance ƙarfen gaba mai ƙyalli. Muka ɓamɓare duk wani rubutu da tambari. Ƙofar dama muka kai wa bakanike ya musanya mana da wata koriya ta tsohuwar mota, yana yi yana tsaki kamar shi ake cuta. Na dama ragowar fentin katanga da baƙin mai na inji, na shafa mata da tsumma, ina yi ina kau da kai. Muka fasa fitila ɗaya ta baya, muka ɗaura igiya a murfin inji duk da makullinsa lafiya lau yake. Wajen hantsi muka ja da baya muka dube ta.

Ɗana ya ce, "Baba, har yanzu ana gane ta."

Gaskiya ya faɗa. Ta yi datti, ta yi muni, amma jikinta a miƙe yake sumul, babu lotsawa ko ɗaya. Motar da ta sha wuya a kwari ba ta zama haka. Duk wanda ya san mota, daga nesa zai ce lafiyayya ce aka shafa wa baƙi.

Na aika aka aro mini guduma. Na tsaya gaban ƙofar direba, na ɗaga, na sauke. Na sake ɗagawa. Shekara talatin da ɗoriya ina tsare jikin motocin mutane, ƙwarzane ɗaya ya hana ni barci, yau tawa ta kaina, kwananta ɗaya a gidana. Na rufe ido na buga. Da na buɗe, ɗan tabo ne bai kai ƙwayar goriba ba. Na ƙara, haka. Hannuna da kansa yake janyewa kafin gudumar ta isa. Haushi ya kama ni, na zagi gudumar, na zagi mai ita, na ce wa ɗana ya daina tsaya mini a ka. Na miƙa masa, ya karɓa ya juya ta a hannu, shi ma ya kasa.

Uwarsa na can bakin madafa tana dakan gero, duk tana jinmu. Sai na ji dakan ya tsaya. Ta taho da taɓaryar a hannu, zaninta ɗaure a ƙugu, garin gero a damatsanta.

Ta ce, "Malam, matsa."

Ban ma gama matsawa ba ta ɗaga taɓaryar da hannu biyu ta sauke a tsakiyar ƙofar. Ƙarar ta tada kajin maƙwabta. Ƙarfen ya lotsa har ciki. Ta ƙara a ƙasa, ta ƙara a kan murfin inji, ta bi gefen motar tana bugawa da irin ƙarfin da take daka, bugu bayan bugu, ba ta tsallake ko taƙi ɗaya ba. Matar ɗana ta fito da jariri a kafaɗa ta tsaya a ƙofar ɗaki. Sai da ta kai ƙarshen motar na ga hawaye na zuba a fuskarta, ba ta ko share ba.

Ta dogara taɓaryar a ƙasa tana haki. Ba motar ta kalla ba, ɗanta ta kalla tun daga sama har ƙasa, sannan ta juyo gare ni.

Ta ce, "Ya isa, ko in zagaya ɗaya gefen?"

Na ce ta zagaya.